Hajja Dudu da Yaƙin Bombon

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Garwa ya san ba a wuce surukata Hajja Dudu a zaure sai an buɗe jaka. Tana zaune kan tabarma da carbinta, ta amsa sallama, ta tambayi gida da gajiya, sannan ta miƙo hannu. Har 'yan unguwa suka sa mata suna Dwan, wato kwastan, wai ko masu binciken kan iyaka ba su kai ta ba. Abu ɗaya take nema, kayan zaƙin da ake kawo wa jikanta, ɗana na fari.

Ba na manta ranar da ƙanenta Alhaji Bakari ya zo daga Maruwa, dattijo da furfurarsa da babbar riga.

"Juyo aljihu," in ji ta.

"Haba Yaya, har ni?"

"Kai ne ma na farko."

Ta zaro leda cike da bombon, wato minti. Ya ce ai tsarabar yaro ce. Ta mayar masa a hannu ta ce, "Ka kai wa mai cire haƙori, ku kuka san abin da ke tsakaninku." Ina bayan ƙofa da butar alwalarsa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba don mugunta take yi ba. Yaron yana shekara huɗu, ba abin da ke shiga bakinsa sai biskit da bombon da lemon kwalba. A kawo tuwo ya kawar da kai, a kawo kifin Binuwai ya ce ƙarni. Ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa. A asibiti likita ta ja fatar idonsa ta ce jini ya yi ƙasa sosai, in aka ci gaba haka sai an kwantar da shi an ƙara masa. Ni kuwa kun san kunyar ɗan fari. A gidan surukai ko sunansa ba na kira, balle in tsawata masa a gaban mutane. Kowa ya miƙa masa zaƙi ina kallo, bakina a rufe.

Ranar da muka dawo daga asibiti Hajja ta kafa doka. Abinci sau uku, abin taɓawa sau ɗaya bayan la'asar, dafaffiyar gyaɗa ko gwaba ko dabino biyu. Wanda ya ƙi tuwo sai ya jira na gaba. Da rana aka ajiye masa tuwo da miyar yakuwa, ya shure kwanon, ya faɗi ƙasa yana birgima. Na miƙe zan lallashe shi. Kafin in kai, tsohuwa mai shekara saba'in ta tuɓe mayafi ta kwanta kusa da shi cikin rairayi, ta fasa kukan da ya fi nasa.

"Maigida ya ƙi girkina! Ku zo ku gani, za ni gidanmu!"

Maigida take ce masa, irin wasan kaka da jika. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, mijina ya fito ba hula. Yaron ya yi tsit, ya zuba mata ido baki buɗe. Can ya ce, "Hajja, tashi, mutane na kallo." Ta ce ita ba ta tashi sai ya yi loma uku. Ya yi biyu, ta ce ta yafe ɗayar saboda zaman tare.

Da aka sa shi makarantar yara sai ta gano akwai mai tallar alawa a bakin ƙofa. Hajjar da ke cewa babur dokin shaiɗan ne, ita ce ta hau moto, ta rirriƙe rigar ɗan acaɓa tana salati har makaranta. Faransancinta duka bai wuce kalma uku ba, kuma ranar ta kashe su duka. Na bi bayanta, na tarar ta tsaya gaban malamar ajinsu ta ɗaga yatsa.

"Madam, bombon fini." Wato bombon ya ƙare.

Malamar ta fara dogon bayani. Hajja ta jira ta gama, ta juyo ta ce mini, "Ta yarda." Sati guda tana zuwa tana zama gefen mai tallar, tana ba ta labarin ruɓaɓɓun haƙora, har baiwar Allah ta gaji ta ƙara gyaɗa da aya a farantinta don a bar ta ta huta.

A hankali yaro ya murmure, jini ya dawo fatar ido, kunci ya ciko. Amma duk hanin daga bakin Hajja yake fita, ni ban taɓa ce masa a'a ba ko sau ɗaya.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, dangi sun cika ɗaki, ana shirin abincin rana, sai ta kira yaron. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta fito da biskit, kwali guda, ta danƙa masa. Wata goggo ta raɗa cewa hankali ya fara gushewa. Ni dai na daskare, don ba yaron take kallo ba, ni take kallo, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ya fara yage kwalin. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun surukaina na fizge shi daga hannunsa ba.

"A'a. Sai ka ci tuwo."

Ya ƙwalla ƙara, ya doke ni a cinya, ya ce ba ya sona, har abada ba ya sona. Na tsaya da kwalin a hannu, kunya ta rufe ni. Sai muka ji Hajja na dariya, dariya har da tari.

"Alhamdulillahi, yau an tsani wata ba ni ba," in ji ta. "'Yata, riƙe shi haka. Yanzu na iya tafiya."

Kwana tara ta ƙara.

Allah ya jiƙanki, Hajja. Kin ɗauki baƙin jini don jikanki ya rayu da lafiya, kin kuma buɗe mini baki kafin ki rufe ido. Allah ya haskaka kabarinki, ya ciyar da ke daga lambunan Aljanna, inda ba mai cewa ya isa haka.