Sassaƙen Wankan Jegona

Assalamu alaikum. Masu tambayata dalilin da nake hana ’ya’yana mata zuba sassaƙe a ruwan jego, yau zan faɗa. Shekara da shekaru na kasa buɗe baki.

Haihuwata ta fari ce, a Sheme, zamanin da kuɗin mai ya shigo, kowa na sayen rediyo da kwanon rufi. Sunan yaron Habu.

Inna, mahaifiyata, ita ke yi mini wanka. Takan sassaƙo ɓawon tsofaffin itatuwa, da wannan farin abu mai kama da busasshiyar gansakuka manne a jiki, ta tafasa.

Ƙaiƙayi ya fara mini a wuya. Sai ƙuraje, sai ruwa, fuska ta kumbura har ido ya rufe.

Inna ta ce, "Ɗanyen jiki ne, ɗiyata, ruwan bai ji magani ba." Ta ƙara sassaƙen.

Da fatar hannuna ta fara saɓulewa, sai unguwa ta yanke hukunci: kuturta. Aka ware mini kwano. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya karya ni, cire Habu da aka yi daga nono, aka kai shi Mairuwa wurin gwaggona, ana ba shi madarar shanu.

Mijina ya sayar da kekensa ya kai ni asibiti a birni. Layi, kati, ɗibar jini, kankarar fata. Da likita ya ji labarin wankan, ya sa aka kawo ɓawon, ya manna ɗan farin abin a bayana da filasta. Da aka cire, wurin ya yi jawur.

Ya ce, "Ba kuturta ba ce. Jikinki ne ba ya shiri da wannan abu. Ba ya yaɗuwa. Ina jaririn? A mayar mata da shi yau."

Mijina ya sunkuyar da kai. Ashe gudawa ta tafi da Habu tun ina kwance, aka ɓoye mini.

Man shafawa da ƙwayoyi kawai aka ba ni, na warke sarai. Inna kuwa ba ta sake yi wa kowa wankan jego ba har ta rasu. Ban taɓa ganin laifinta ba, Allah Ya ji ƙanta.

Alhamdulillahi da lafiya. Na gode wa mijina, da likitan nan da ban san sunansa ba.

In magani na ƙara ciwo, a dakata, a je asibiti. Kuma don Allah, kada a raba jariri da nonon uwarsa a kan zato.