Shanun Laka a Aji Ɗaya

Ban daɗe da fara aikin koyarwa ba aka tura ni wata firamare a wani ƙauye da ke tsakanin Bebeji da Tiga. Mutanen garin ruwan dam ne ya taso iyayensu daga tsohon mazauninsu, saboda haka kowa ko dai yana kamun kifi, ko yana noman rani a bakin hanyar ruwa. Aka ba ni aji ɗaya, don babu malamin da yake son sa. Yara sun cika ɗakin har bakin ƙofa, a ƙasa suke zama, wasu ma ba su daina kukan uwa ba. Abin da na tarar ana yi shi ne malami ya nuna allo da tsumagiya, ya ce "A", yara su ce "A" da iya ƙarfinsu, har a tashi. Idan ka ɗauke yaro daga cikin taron ka nuna masa harafin, sai ya zuba maka ido kawai.

A zango na biyu aka aiko a tura malami guda bita a Kano, kan koyar da ƙananan yara ta hanyar wasa. Hedimastanmu, wani dogon mutum mai son a gan shi, ya tura ni saboda sauran sun ce ba su da lokaci. A can aka nuna mana cewa yaron da ya baro gindin uwarsa jiya, da hannunsa da ƙafarsa yake fahimta kafin ya fahimta da kunne. Abin ya shige ni, don na tuna ni kaina a wajen 'yar carafke na iya ƙirga.

Da na dawo na tara ƙodagon goruba da marafan kwalba a buhu. Na yanka karan dawa gajeru-gajeru. Na roƙi wani mai lambu ya ɗebo mini laka daga bakin ruwa. Muka fara mulmula haruffa da hannu muna shanyawa a rana, muna ƙirga da ƙodago, muna zana manyan baƙaƙe a ƙasa yara suna tsallake a kansu suna kiran sunayensu. Ajin ya yi hayaniya, ban musa ba. Amma masu kuka sun daina, masu guduwa gida bayan hutun ƙarfe tara sun fara zama. Idan aka gama haruffa laka ta rage, sai in bar su su ƙera abin da suke so. Yawanci shanu suke yi, masu tozo da dogayen ƙahoni irin na Fulanin da ke wucewa ta bayan makaranta.

Wata rana baƙi suka zo daga ofishin ilimi su ga yadda abin yake tafiya. Hedimasta ya sha babbar riga, ya tsaya a tsakiyar yarana yana cewa, "Wannan tsari ni na tsaya a kansa tsayin daka." Na yi shiru. Ban san shirun nan zai zame mini bala'i ba.

Shugaban kwamitin iyayen yara wani dillalin tumatir ne da kowa ke kira Alhaji. 'Yarsa tana ajina. Ranar da ta koma gida da saniyar laka a aljihu, rigar makarantarta ta ɓaci, washegari da hantsi sai ga shi a kan babur. Bai je ofis ba, bai yi sallama ba, ya faɗo mini aji.

"Ke ce malamar?"

"Ni ce, Alhaji. Barka da zuwa."

"Riƙe barkanki. Boko na kawo 'yata ko wasan ƙasa? In wasan ƙasa ne, ai akwai ƙasa a ƙofar gidana."

Na ce ya yi haƙuri ya zauna ya gani, in kira yarinyar ta nuna masa haruffan da ta iya. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a yi masa wayo. Ya jawo littafinta ya buɗe, ya ɗaga shi sama.

"Ina rubutun? Ina jan biro? Mu da muka yi makaranta, hannunmu har kumbura yake don bulala, shi ya sa muka zama mutane."

Da zai fita, haruffan da muka shanya a bakin ƙofa suna gabansa. Akwai hanya ta gefe. Ya bi ta kansu da takalminsa, yana kallona. 'Yarsa ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na durƙusa na tattara gutsattsarin haruffan.

Kafin mako ya zagayo magana ta canza kama. Tsohuwar da nake zaune a gidanta ce ta gaya mini, muna tsince shinkafa.

"'Yar nan, me kika yi wa mutanen garin nan? Cewa ake kina koya wa yara ƙera gumaka."

Na yi dariya, ta ce ba abin dariya ba ne. Gaskiyarta. Na je gidan suna, matan da muke gaisawa har da tafawa suka amsa mini a daƙile, wata ta janye ɗanta daga kusa da ni. Aji ya fara raguwa. Waɗanda dama suke neman dalilin tura yara tsinkar tumatir sun samu.

Aka kira taro a ƙarƙashin darbejiyar makaranta. Maza a kan benci da tabarmi, ni kaɗai mace, a tsaye a gefe kamar wadda aka kama da kayan sata. Alhaji ya gayyato malamin makarantar allo na garin, dattijo mai ƙarancin magana, yana zaton zai yanke mini hukunci. Aka ajiye saniyar laka a gabansa. Ya juya ta a hannu ya ce, "Mu ma mun yi irin wannan muna yara, a bakin rafin tsohon gari. Abin wasan yara ne, ba wanda ya taɓa yi mata sujada." Zuciyata ta ɗan sanyaya. Sai ya ƙara da cewa, "Amma yadda za ku tafiyar da makarantarku ba hurumina ba ne." Ya ɗauki butarsa ya tafi.

Alhaji bai ji kunya ba. Nan take ya bar zancen gumaka kamar ba shi ya tayar ba, ya koma kan sabulun wanki, da hayaniya, da rashin tarbiyya. Wani ya ce ɗansa yanzu tambaya ce a bakinsa dare da rana, har yana tambayar babansa dalilin abu. Wani ya ce dama mace ba ta iya riƙe aji. Akwai iyaye a wurin waɗanda suka taɓa tare ni a hanya suna gode mini. Duk suka zuba ido a ƙasa, don Alhaji ne ke sayen tumatirinsu.

Daga nan aka ce hedimasta ya yi magana. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ni ma na sha ja mata kunne. Yaran zamani ne, idan suka je birni suka ji magana, ba sa jin ta manya."

Ban san lokacin da na matso gaba ba.

"Ranka ya daɗe, yaushe ka ja mini kunne? Ba kai ka tura ni ba? Ba kai ka gaya wa baƙi tsarinka ne ba?"

"Malama, koma wurinki. Kun gani ko? Abin da nake fama da shi ke nan."

Aka yi ta girgiza kai. Rashin kunyata ta tabbata a gaban kowa, shi ke nan taro ya samu abin da ya zo nema.

Washegari na tarar an mayar da ni aji huɗu. Buhunan ƙodago da kara an sa maigadi ya zubar a ramin shara. Aji ɗaya aka ba wani malami da ba ya rabo da tsumagiya, wanda rabin ranarsa a gonar albasarsa take ƙarewa. Bango ɗaya ne tsakanina da su. Ina koyar da lissafi ina jin "A! B! C!" kamar ana kiran kasuwa, sai tsawa, sai kuka. Babu uban da ya hau babur ya zo tambayar abin da ake koya wa ɗansa. Riguna suna komawa gida fes, kowa hankalinsa ya kwanta.

Na ƙarasa shekarar ban sake shiga ofishin hedimasta ba sai dole. Gaisuwa ina yi, don addini ya hana gaba, amma daga "ina kwana" ba na ƙara komai. Na nemi canjin wurin aiki, ya sa hannu da saurin da bai taɓa sa wa wata takarda ba. Aka mayar da ni Tudun Wada. Ranar da zan tafi tsohuwar gidanmu kaɗai ta raka ni bakin titi, ta ƙulla mini busasshen kifi a leda.

Shekaru sun shuɗe. Bara wata abokiyar aiki da ta fito daga wajen Bebeji ta kawo mini saƙo, wai hedimastan nan namu ya yi ritaya, jiki ya fara taɓa shi, yana bin waɗanda ya yi aiki da su yana neman a yafi juna. Na tambaye ta ko ya faɗi abin da ya yi. Ta ce a'a, cewa ya yi kawai zama da mutane sai da saɓani.

"To me zan ce masa?" in ji ta.

Na ce ta gaya masa saƙo ya iso.