Abokin Kwanan Kawu a Gidan Yari

Shekarar da aka tsare Kawu, ƙanen mahaifiyata, ina koyarwa a wata firamare a Gaya. Shi manomi ne a Toranke, mutum mai sanyin hali. Da kaka shanu suka faɗa gonar waken maƙwabcinsa, rigima ta kaure, aka fasa wa wani kai. 'Yan sanda suka zo suka kwashe duk wanda suka tarar, har da Kawu da ya je rabon faɗa. Daga kotu aka wuce da su gidan yari a birni, wai jiran shari'a.

Ni aka ɗora wa zuwa ziyara, tunda ni ne ɗan boko a dangi. Duk bayan sati biyu Inna takan ɗaure min ƙuliƙuli da garin kwaki da yaji, in hau mota.

Ranar farko na daɗe a layi kafin a fito da shi. Ya rame, yana ta susar tsakanin yatsunsa. Na ce, "Kawu, yaya wurin?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Abincin dai gabza suke ce masa, tuwo ne da miyar da ba ka ganin mai a cikinta. Amma ba yunwa ce ta fi damuna ba, makwanci ne."

Ya ce mutane sun yi wa ɗakin yawa, har ba mai iya kwanciya rigingine. Kowa a kan haƙarƙarinsa yake kwana, an jeru kamar damin rake. Wasu ma sai sun jira wani ya tashi su samu wuri.

Gandiroban da ke binciken abinci dattijo ne. Ya ga yadda fuskata ta canza, sai ya ce, "Malam, kada ka ga laifinmu. Kullum mota na kawo sababbi, masu fita ba su da yawa. Abin da ake warewa na cin kowane mutum, tun kafin hatsi ya yi tsada aka yanka shi. Kuma yawancinsu ko hukunci ba a yi musu ba."

A zuwana na uku Kawu ya ce in gaya wa Inna ta riƙa ninka ƙunshin. Na tambayi dalili. Ya ce akwai wanda suke ci tare, makiyayin da shanunsa suka ci waken.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Kawu! Mutumin da ya jawo maka wannan wahala?"

Ya ce, "Wata biyu ke nan bayansa na jingine da nawa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya tsugunna a jikin bango ya bar min wurinsa na miƙe ƙafa. Ba wanda ya taɓa zuwa wajensa. Ina jin danginsa ba su san inda yake ba. Ka je min rugarsu, tana bayan garin Balan."

Sai da na yi sati ina jan ƙafa. Inna ce ta matsa min. Ta ce in ƙaninta ya ce a je, to a je.

Na hau acaɓa har rugar. Na tarar da matar makiyayin da tsohon mahaifinsa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, matar ta ajiye ƙwaryar hannunta ta zauna a ƙasa tana kuka. Ashe sun zaga ofisoshin 'yan sanda har sun gaji, wani ma ya ce musu ya rasu. Tsohon ya riƙe hannuna bai saki ba, yana ta cewa, "Da ransa? Ka gan shi da idonka?" Ban gan shi ba, gaskiya na faɗa masa, amma na ce Kawu ba ya ƙarya.

Sati na gaba tare muka tafi gidan yarin da tsohon, da fura a ƙwarya da man shanu a kwalba. A hanyar dawowa ya ce shi zai je wurin mai gonar da kansa. Ya je, aka zauna a gaban dagaci har sau uku, ya ba da haƙuri, ya ba da maraƙi a madadin ɓarnar. Wanda aka fasa wa kai ma ya ce ya yafe. Duk da haka sai da aka ɗage zaman kotu sau huɗu kafin takardar sulhun ta kai gaban alƙali.

Bayan wata goma sha ɗaya aka saki Kawu da makiyayin rana guda. Damina ta riga ta wuce, dangi ne suka noma wa Kawu rabin gonarsa. Ƙafafunsa sun kumbura, ƙazwa ta cinye masa jiki, sai da muka yi ta kai shi asibiti.

Da ya samu sauƙi, ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya miƙo min. Sunayen mutum bakwai ne na ɗakinsu da ƙauyukansu, waɗanda ba mai zuwa duba su. Biyu 'yan wajen Kademi ne, su na samo danginsu a hutun makaranta. Sauran biyar ɗin garuruwansu sun yi nisa, ban kai ba.