Layin Malam Ja'afaru a Kamaru

Malam Ja'afaru na Gammo bai taɓa karatun likitan dabbobi ba, amma duk saniyar da haihuwa ta gagara tsakanin Kabo da Gwarzo shi ake kira. Iyayensa makiyaya ne. Shi kuwa ya zauna ya kama noma, da shanu bakwai, da siririn hannun nan nasa mai shiga inda na wasu ba ya shiga. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Shekara goma sha shida lambarsa ba ta canza ba. Akwai rugagen da mata ba su san lambar mazajensu ba amma sun haddace tasa.

Bara da kaka saƙo ya zo cewa yayansa Badamasi, wanda ya bi shanu Kamaru tun suna samari, yana kwance ba lafiya, yana son ganinsa. Ya yanke zai je ya yi sati uku. Nisan hanya bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, wani direba ya gaya masa da zarar ya tsallake iyaka wayarsa za ta yi shiru.

Ya hau babur ya je Gwarzo, shagon wata Rahama mai sayar da layi da kati. Bayan gaisuwa ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Baba, mafi sauƙi in ka isa ka sayi layin can," in ji Rahama.

"Masu shanun nan sun san lambar can?"

Ta ce ba su sani ba. Sai ta jero masa tsarin da kamfani yake da shi don matafiya. Na farko mai data ne, na kallon hoto da bidiyo. Malam Ja'afaru ya dubi wayarsa, wadda babbar bajintarta tocila ce, ya ce ta wuce gaba. Na biyu mintocin kira ne zuwa gida.

"Ni ba na kiran kowa, 'yar nan. Ni ake kira."

"To sai na uku. A buɗe maka layi, ka loda kati. Amma duk wanda ya kira ka, kai ma za a riƙa cire maka."

"Shi ya kira, a cire mini?"

"Haka ne, Baba."

"Saniyarsa ce fa."

"Kamfani bai san da saniya ba."

Ya daɗe yana tunani, sannan ya zaɓi na ukun. Da zai fita ta ba shi shawara ya riƙa rage gaisuwa a waya. Ya kalle ta kamar ta ce ya shiga kasuwa ba riga.

Layi kuwa ya yi aiki. A kwana biyun farko mutum goma sha ɗaya suka kira don su ji ko da gaske waya tana kaiwa Kamaru. Kowa ya tambayi gajiya, da mai jiki, da farashin shanu a can. Malam Ja'afaru bai rage wa kowa komai ba.

Ran kwana tara da hantsi Alhaji Lukuman na Garo ya kira. Karsanarsa tana naƙuda tun asuba, ƙafafun ɗan sun leƙo, kai babu. Suka gaisa tukuna, Alhajin ya yi masa ya mai jiki. Sannan Malam Ja'afaru ya tambaya wa ke kusa mai ƙaramin hannu. Aka miƙa wa Uwaliya waya, ƙanwar Alhajin, mai sayar da fura.

"Wanke hannu da sabulu har kafaɗa, ki shafa mai. Ki jira ta daina yunƙuri, ki tura ɗan ya koma ciki. Kansa ne ya juya baya, ki bi wuya a hankali. In kin kama haɓarsa, kada ki..."

Kati ya ƙare.

Badamasi ya miƙo masa tasa wayar daga kan shimfiɗa. Malam Ja'afaru ya riƙe ta, sai a nan ya gane bai san lambar kowa ba, bai kuma taɓa koyon nemo lamba a wayarsa ba. Ranar bai iya cin abinci ba. Sauran kwana goma sha biyun ya yi su a gefen ɗan uwansa, suna hirar mutanen da suka riga su gidan gaskiya, yana yi yana duba waya. Kafin ya taho, Badamasi ya fara fita tsakar gida da sanda.

Da ya dawo bai wuce gida ba sai da ya biya Garo. Ya tarar da ɗan maraƙi fari yana tsalle a turke. Uwaliya ta fito ta durƙusa ta yi masa sannu da zuwa.

"Malam, ran nan ka ce kada in me?"

"Kada ki ja da ƙarfi."

"Ai da ƙarfi na ja."

Ya duba wuyan maraƙin, ya duba uwar, ya ce, "To."

Ashe bayan wannan Uwaliya ta karɓi haihuwa biyu a rugagen kusa. Yanzu mutanen Garo ita suke kira, sai in abin ya fi ƙarfinta ta aika a nemo shi. Malam Ja'afaru ya ce hakan ya yi daidai, dama hanyar Garo tana cin tayar babur.