Kawu Manaja da Farantan Sola Huɗu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara goma sha tara ya yi yana kula da gidan mai, shi ya sa har yau ake ce masa Manaja. A lokacin, in ka ambaci wutar sola a gabansa sai ya taɓe baki ya ce kayan wasan yara ne.

Da tattalin arziki ya karye, kuɗi suka zama takarda, fetur ya gagari mutane, aka rufe gidan man. Wata biyu Kawu yana zaune a ƙofar gida da rediyo a kunne. A nan ya tsinci wata magana ya riƙe kamar shi ya ƙirƙiro ta: wai wannan masifa dama ce ta rabuwa da fetur.

Ya kama shago a matsayin ofishin harkar sola don neman tallafi, ya shafe shi da koren fenti, ya sayo farantan sola huɗu ya jera a kan rufi inda kowa zai gani. Ko waya ɗaya bai haɗa musu ba. Fanka da fitilar ofis janareta ke ba su wuta, ya ɓoye shi a bayan shago ya lulluɓe da tsohuwar katifa.

Na ce, "Kawu, ana fa jin ƙarar."

Ya ce, "Ke dai yi shiru. Masu ba da tallafi rufi suke kallo."

Ranar da masu tallafin suka zo, su uku da kyamara, yana tsakiyar jawabi kan ɗumamar yanayi katifar ta fara hayaƙi. Suka fito suna tari. Babbarsu ta leƙa baya, ta yi godiya cikin ladabi, ba a sake ganinsu ba. Kawu ya ce hassadar maƙwabta ce.

Matarsa, wadda muke kira Inna, sai ta nufi shagon. Ta sa aka sauko da farantan, ta kira mai gyaran wuta ya haɗa su da firjin gida yadda ya kamata, ta fara sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Yanzu da wannan ake ci a gidan.

Shi kuwa Kawu ya buga sabon kati mai nuna shi masanin harkar sola ne, yana yawon taruka da jaka a hammata. In an tambaye shi aikin da ya taɓa yi, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Akwai wata mata da na ɗora a kan hanya."

Da labari ya kai wa Inna, ta ce a gaya masa matar tana neman mai ɗaukar mata ƙanƙara zuwa kasuwa.