Irin Tumatirin Halima

Labbo mutumin wani ƙauye ne a bayan Tsafe, ƙauyen da yanzu ko kaza ba ta kwana cikinsa. Can aka haife shi, can ya gaji fadamar ubansa, can ya auri Halima. Shi da noma, ita da adana iri. Duk ƙarshen ɗiba takan zaɓi tumatirin da ya fi nuna, ta matse 'ya'yan, ta cuɗa da toka, ta shanya, ta ƙulle a tsumma. Irin uwarta ne, jajir, mai tsaga-tsaga, ba ya kama da na kasuwa.

Ranar da 'yan bindiga suka tashe su, kowa na ɗaukar tabarma da tukunya, Halima tsumman nan ta soke a zani. Ta kai Tsafe da ƙafarta, amma ba ta ƙara tashi ba. Labbo ya binne ta can, ya sa tsumman a aljihu, ya shigo Gusau ya samu gadin wani kango a Damba.

Manomi kuwa ko kan dutse ka ajiye shi sai ya tona. Ya cika buhunan siminti da ƙasa da taki, ya kwance tsumman ya shuka duka, bai rage ko ƙwaya ba. Ruwan alwalarsa ma a gindinsu yake zuba. Awakin unguwa suka ci rabonsu, tsutsa ta ci nata. Abin da ya tsira bai wuce ƙwarya guda ba, shi ya bari ya nuna sosai don iri. In wannan ya salwanta, irin Halima ya ƙare a duniya, kuma Labbo ya san haka.

Sai ga Mu'azu mai shayi, wanda bakinsa ya fi tukunyarsa zafi, da labarin baje kolin amfanin gona.

"Baba, kai shi mana! Kallo kawai za a yi, a yaba, ka dawo da abinka ka matse."

Tsoho da son a sani! Tun da ya baro gida ba wanda ya ƙara kiransa manomi, sai "Baba maigadi". Ya wanke rigarsa, ya tsinke tumatirin tas, ya rufe da faifai, ya tafi.

Kafin alƙalai su fara dubawa, aka zagaya da babban baƙo, wani ɗan kwangila, Alhaji Mahadi. Ya wuce kabewa, ya wuce albasa, ya ja birki gaban tabarmar Labbo.

"Kai! Rabona da ganin irin wannan tun ina yaro. Masha Allah."

To a ƙauyensu Labbo, in babba ya yaba kayanka, tarbiyya ita ce ka ce nasa ne. Shi kuma ya ce ya gode, Allah ya ƙara albarka, ya bar maka abinka. Ko yaro ya san wannan. Labbo ya durƙusa, zuciyarsa fari ƙal.

"Naka ne, ranka ya daɗe."

Ya tsaya jiran godiya.

"Madalla," in ji Alhaji, ya ɗaga wa direbansa haɓa. Direba ya sure ƙwaryar har da faifan. Jama'a suka kaure da tafi, mai lasifika na shelar manomi mai hannun kyauta. Labbo ya buɗe baki, kunya ta rufe masa shi. Da wane ido zai ce a dawo masa da abin da ya bayar gaban mutane? Yana durƙushe yana kallo aka rufe bayan mota.

Da alƙalai suka iso, tabarma suka tarar. Ɗayansu ya ce, "Baba, in kallo ka zo, matsa baya."

Da Labbo ya dawo ya ba da labari, Mu'azu ya yi dariya har ya zubar da shayin wani. "Wa ya aike ka? An gaya maka nan ƙauyenku ne?"

Washegari Labbo ya haɗiye kunyar, ya yi ta tambaya har ya gano gidan Alhaji. Ya zauna bakin ƙofa rana ta gasa shi son ranta, kafin mai aikin gidan, Salma, ta leƙo.

"Ɗiyata, tumatirin jiya. Ba duka nika so ba. Ƙwara guda, ko wanda ya fashe ne."

"Wanne? Au, na ƙwarya? Ai tun jiya aka kai shi markaɗe. Hajiya ma ta yi faɗa, wai tsami gare shi, sai da aka ƙara na gwangwani."

Labbo ya sa hannu cikin aljihu yana murza tsumman da ya zo da shi.

"Haka yake, yana da ɗan tsami," ya ce. "Halima kanwa take sa mai."

Bai kai ƙarshen maganar ba Salma ta rufe ƙofa.