Man da Ba a Haƙo Ba a Gonarmu

Shekarun baya, ina amarya a Doha, na taɓa yin kwana uku cur ina attajirar man fetur. A cikin kaina ne kawai, amma fa na ji daɗinsu.

Muna zaune a wani ɗan gida a unguwar Ain Khaled, ni da mijina. Shi injiniya ne, aikinsa ƙiyasta yawan mai da gas da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa tun kafin a haƙa. Ni kuwa duk abin da na sani game da zaman aure daga littattafan soyayya na samo shi, irin waɗanda saurayi zai ce wa yarinya "share hawayenki", washegari sai ga makullin mota.

Wata Laraba, mijina yana aiki a teku, yayana ya kira ni daga gida. Wasu ma'aikata sun ratsa ƙauyenmu da dogayen wayoyi, sun kakkafa turaku masu jan ƙyalle, biyu a cikin gonar da mahaifinmu ya bari. Gari ya ɗauka an ga mai. Ga wani dillali ya taya gonar ninki biyu na kuɗinta, ya ba da kwana goma a yi shawara. Ba a raba gado ba, don haka sai kowa ya amince. Ƙannena sun amince. Mahaifiyata, wadda gonar ce cinta da shanta, ta bar mana shawarar. Saura ni.

"Kar a sayar, Yaya," na ce. "A kan biliyoyi muke zaune."

Daga nan har Juma'a na gina bene a Kano, na kai Inna Umra sau biyu, na zaɓi launin labule. Da maigidan ya dawo na ci kwalliya, na turara gida, na ajiye masa abinci, sannan na ce ya lissafa mini kuɗin man da ke ƙarƙashin gonarmu.

Ya ajiye cokali. "Hajiya, man nan ba naku ba ne."

"Gonar ubana ce fa."

"Saman ƙasa naku ne. Abin da ke ƙarƙashi, ko a tsakar ɗakin Inna ya ɓullo, na gwamnatin tarayya ne. Kuma turaku ba rijiya ba ce. Sauraron ƙasa kawai suka yi, kamar yadda likita ke ɗora abin awo a ƙirji."

Na tashi na shige ɗaki, na juya wa ƙofa baya, ina jiran ya biyo ni da lallashi kamar yadda na karanta. Sai ƙarar cokali nake ji. Har naman da na ɗebar wa kaina ya cinye.

Washegari da la'asar ya ce, "Yalla, tashi mu je shan karak." Muka tsaya a wani shagon shayi a Al Muntazah, muna cikin mota don zafi. Ya zaro takarda da biro ya miƙo mini. Na ce shi ya rubuta mana. Ya ce a'a.

"Gadonku ne. Ranar da na sa baki, yayanki zai ce suruki ke son gonar. Ni tambaya kawai zan yi, ke ki rubuta."

Ya ce in ɗauka akwai man, cikin goma kashi nawa zan ba shi? Na ce tara. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, ya ce su da ke da na'urori ba sa cika baki haka a inda ba a taɓa haƙawa ba. In kuma akwai, ya kai yawan da zai biya kuɗin haƙa da na bututu? In ya kai, gonarmu za su buƙata ko ta maƙwabci? Kowace tambaya sai ta yanke lissafina, kamar mahauci yana rage tsoka. Ya ƙara da cewa ko diyyar fili za a biya, ba wanda ya san shekarar, kuma dubun da za a ba ka bayan shekara goma ba ita ce dubun yau ba.

Na dubi abin da ya rage a takardar, ko labulen ba zai saya ba. "To a sayar ke nan, khalas, magana ta ƙare."

"Ban ce ba. Dillalin wawa ne? Me ya gani da ya ninka kuɗi?"

Wannan tambayar ce ta tsaya mini a rai. Na rantse ba zan ce e ko a'a ba sai na san amsarta. Na kira mahaifiyata na ce, "Inna, da mutumin ya shiga gonar, me ya yi?"

"Wannan mai tumbin? Ko ƙasa bai duba ba, 'yar nan. Kansa a sama, yana dafa itatuwa ɗaya bayan ɗaya, yana motsa baki kamar mai lazimi."

Ƙirga su yake yi. Mijina ya tabbatar mini cewa idan hukuma ta karɓi fili, itatuwa masu amfani da shuka da gini ake ƙimantawa a biya. Na sake kiran Inna da birona a hannu. Ba ta ma je gonar ba, daga zaune ta lissafo mini su: ɗorawa goma sha ɗaya, kaɗanya bakwai, mangwaro shida da babanmu ya dasa, da tsamiyar da ke kan iyaka. Na tambaye ta daddawa da man kaɗe na nawa take sayarwa a shekara, da buhun gero nawa ake samu. Ta ce yaushe na zama mai karɓar haraji?

Kwana biyu ina fama da lissafi, ni da na tsani darasin tun firamare. Sau uku ina yayyaga takarda. Abin da ya fito shi ne, ko ɗigon mai babu, gonar za ta mayar da kuɗin dillalin cikin 'yan shekaru. In kuma diyya ta zo, shi zai kwashe. Ta kowane ɓangare shi ke da riba.

Na kira yayana na karanta masa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ke kina can cikin sanyin na'ura kina mana lissafi. Ni mota nake so in saya in yi haya. Ɗorawa zan tuƙa?"

Ban taɓa musu da shi ba, amma na ce, "Ka yi haƙuri Yaya, ban amince ba. A kira liman a raba. Ka sayar da rabonka, ba mai hana ka. Na Inna da nawa ba na sayarwa ba ne."

Ya kashe waya. Aka raba, ya ɗauki ɓangaren bakin hanya ya sayar wa dillalin, ƙannena suka janye da suka ji lissafin. Wata biyar bai ɗaga kirana ba, kuma ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna.

Har yau ba a kafa rijiya a ƙauyenmu ba, kuma ban san ko akwai man ko babu ba. Na daina jin kunyar cewa ban sani ba. Littattafan nan ina nan ina karanta su, sai dai yanzu in gwarzon ya yi kyautar gida, nakan tsaya in ce a ina ya samu?

Bara dillalin ya gaji da jira, ya nemi ya mayar wa yayana filin. Yaya ya kira ni, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "In maigidan na kusa, ki tambaye shi nawa ya kamata in taya."

Na ce, "Ba ya nan, Yaya. Faɗa mini, itatuwa nawa suka rage a ciki?"